Hawainiya a Kan Bene

Ranar Asabar da safe Auta ta sayo jaridu uku. Ta shimfiɗa biyu a teburin kicin, ta zauna a kan ta ukun.

Shekara uku ta yi tana zana ƙafafun hawainiya. Akwai wasu littattafan yara da kowane gida ya sani, na wata hawainiya mai raba wasiƙu, su ne kamfaninsu ya mayar fim ɗin katun. Wani aka ba shi ido, wani wutsiya, ita ƙafa ce rabonta. A wurin da hawainiyar ke hawa bene da jaka a wuya, Auta ta kafe sai hawainiyar ta ɗaga ƙafa, ta yi jim, ta mayar, sannan ta taka. Minti guda cur. Darakta ya ce yaran yanzu ba su da wannan haƙurin. Ya dai bari, amma da sharaɗi: in masu sharhi suka ce fim ya yi jan ƙafa, babu Auta a kashi na biyu.

Jaridu biyun sun yaba launi da barkwanci, sun ce har iyaye sun dara. Ba wanda ya ambaci benen. Saura ta ukun, mai ɗauke da sharhin Reza, tsohon mai sharhin nan da ke shiga sinima da agogo a tafin hannu, yana ƙirga sau nawa ya duba shi. In ya kai biyar, fim ya sha ƙasa.

Babanta ya shigo yana dafa bango. Shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu kafin gwiwa ta zaunar da shi.

"Tashi, 'yar nan. Ko kwana za ki yi a kanta, jarida ba ta ƙyanƙyashewa."

Ta miƙa masa jaridar. Ya sa tabarau, ya bi layi da yatsa, a hankali kamar da gayya. Reza ya duba agogo sau biyu, duk a wajen waƙoƙi, waɗanda ya ce sun yi yawa. Labarin ma ba sabo ba ne, in ji shi, amma an riƙe amanar littattafan. Auta ta matse kofin shayinta. Sai Baba ya yi gyaran murya.

"Ya ce, 'Wanda ya zana hawan benen nan ya taɓa tsayawa a bayan tsoho, hannunsa na ƙaiƙayin ya taimaka, amma ya bar shi ya taka da kansa. A nan na manta ina da agogo.'"

Baba ya sauke tabarau. Da ya ga fim ɗin jiya, cewa kawai ya yi ya yi kyau.

"Ashe tafiyata kika kai wa duniya."

Ta sunkuyar da kai. Wayarta ta hau ruri, darakta ne.

"Ɗauki," in ji Baba. "Ki ce masa a kashi na biyu a ji tausayin baiwar Allah, a riƙa ba ta wasiƙun gidajen ƙasa."