Haƙorin Gwada Wake

Daga Gagarawa har bakin iyaka, duk mai sayen wake da buhu ya san haƙorin Ɗantsoho. Shekara arba'in da biyu yana zaune wajen 'yan hatsi a kasuwar Maigatari, kuma aikinsa ɗaya ne. A kwance bakin buhu, ya zura hannu can tsakiya ya ɗebo ƙwaya uku, ya ɗora a matauninsa na dama ya ciza. In ta ce ƙas, wake ya bushe, a loda. In ta lotsa, da sauran danshi, ko da me mai shi zai rantse sai ya ruɓe kafin ya isa kudu. Bai taɓa kuskure ba. Mutumin da ya ga farin da ya ƙarar da shanu, ya kwanta sanƙarau ya tashi, mota ta kife da shi a hanyar Gumel ya fito yana kaɗe riga, ba ƙwayar wake ce za ta ruɗe shi ba.

Sai dai haƙoran sun yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, har ya rage biyu kawai masu haɗuwa, na sama da na ƙasa. Na ƙasan ma ya fara motsi. In ya yi asuwaki jini yake tofarwa.

'Yarsa Husainatu ce ta tisa shi a gaba zuwa asibiti a Gumel. Mai duba haƙori, wata Ni'imatu, ta haska bakin ta daɗe tana kallo.

"Baba, dasashin ne ya janye," in ji ta. "Datti ya daskare a gindin haƙorin kamar dutse. Ga man goge baki, zai rage jinin da warin, amma ba ya fasa dutse. Ku dawo Alhamis ta sama a kankare, ko Allah zai sa a tsira da shi."

"Da ƙarfe?"

"Da ƙarfe, amma ba zafi sosai."

"'Yata, ni da zafi mun daɗe da sanin juna," ya ce, ya sa man a aljihu.

Ya riƙe shi da gaske. Safe da yamma yana matsa shi a kan asuwaki yana gogawa, har ya ƙara da toshe wani a gindin haƙorin, yadda ya saba yi da garin bagaruwa. Kwana goma jini ya ɗauke. Ya taɓa wurin da yatsa ya duba, babu komai. A saninsa na shekara arba'in, abin da ya bushe ya yi kyau ke nan.

"Baba, gobe ne fa asibiti," Husainatu ta tuna masa.

"Gobe Alhamis. Kin taɓa ganin kasuwar Maigatari ta ci ban je ba? Kuma lokacin sabon wake?"

"Ta ce man ba ya fasa dutse."

"Ita ta gani da fitila, ni a bakina yake."

Washegari da hantsi yana zaune a kan buzunsa a kasuwa Alhaji Abdurra'uf, babban mai sayen wake, ya iso, motarsa na jira a bakin hanya.

"Malam Ɗantsoho, yau bakin nan ƙamshin minti yake. Ko za a ƙara aure ne ba a gaya mana ba?"

"In na tashi, kai ne waliyyi. Kwance buhun."

Ya ɗebo ƙwaya uku. Ya ɗora ta farko a inda ya saba, ya ciza. Ta ce ƙas. Wani abu kuma ya saki a hankali, kamar an zare turke daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Bai ji zafi ba. Ya tofa a tafin hannunsa, ga wake rabi biyu, ga haƙori da doguwar saiwa, gindinsa duk baƙin dutse.

Mutane suka zuba masa ido.

"Ya bushe," Ɗantsoho ya ce. "A loda."

Aka loda. Aka jawo buhu na biyu. Ya ɗebo ƙwaya, ya kai ta dama, ya kai ta hagu, tana ta yawo a kan dasashi. Ya fiddo ta ya mayar cikin buhun. Alhaji ya kau da kai, can ya ce da direbansa ya je wajen mutanen kamfanin sayen hatsi ya aro na'urar nan ta gwada danshi.

Ɗantsoho ya zauna har la'asar, ba wanda ya tashe shi, ba wanda ya kawo masa buhu. Ya naɗe buzu ya tafi gida. Ya ajiye haƙorin a gaban Husainatu, ta dube shi.

Da safe ya matsa man a kan asuwaki kamar kullum, ya goge na saman da ya rage. Ya tofar. Babu jini.