Fudin na Gidan Baturen Gona

Gero yana bununi aka sallamo Malam Badaru daga asibiti, har ga shi an fara girbi, tsohon bai yi wa abinci kallon arziki ba. Zazzaɓin da ya kwantar da shi ya tafi, amma ya tafi da bakinsa. Likita kuwa bai ɓoye wa 'yarsa Tahira komai ba. Ya ce magani ba ya aiki a cikin da babu komai, in bai ci ba, ƙafar nan ba za ta sake kai shi masallaci ba.

Da yake mahaifiyarta ta rasu tuni, Tahira ta nemi izinin mijinta ta baro Ɗanbatta, ta zo ƙauye jinya. Ta zo kuwa da ƙarfin gwiwarta, don ita ce duk bikin da za a yi a unguwarsu ake ɗorawa a kan tukunya. Ta dama kunun tsamiya, ya kurɓa ya ture. Ta yi faten tsaki da yakuwa, ya juya cokali a ciki kamar mai neman allura. Har zabuwa ta sa aka yanka ta yi farfesu, ƙamshi ya tsallaka katanga, maƙwabta suna tambayar ko baƙi aka yi. Shi dai sai ya ce, "Allah ya yi miki albarka," ya mayar da murfi. Wannan albarka ta fi zagi yi mata ciwo.

Wata rana da hantsi yana kishingiɗe a gindin darbejiyar tsakar gida, tana gefe tana ɓarar sabuwar gyaɗa, sai ta ji ya ce, kamar da kansa yake magana, "Da dai zan sami fudin."

"Fudin kuma, Baba? Mene ne shi?"

Ya gyara kwanciya. Rabon da ta ga idonsa ya yi haske irin haka tun kafin ciwon. Ya ce ai ta san kakanta Malam Ja'afaru kuku ne, a gidan wani Baturen gona ya yi aiki can wajen Bici, a ƙarshen zamanin Turawa. A ɗakunan bayan gidan aka haife shi, shi Badaru, a nan ya yi wayo. Kowace Lahadi matar Baturen sai ta sa an yi mata wani abinci na garinsu: shinkafa da madara da sukari, da ɗan man shanu, a goga gyaɗar ƙamshi a kai, a tura cikin murhun ƙarfe mai ƙofa, a bar shi yana dahuwa a hankali.

"Na ci naman rago, na ci dabinon Madina," in ji shi, "amma ban taɓa sa abu a bakina ya kai wannan ba."

Tahira ta ji kamar an sauke mata dakon dawa. Shinkafa da madara? Ai abin nema ya samu. Ta duba a wayarta, ta tarar da wata tsohuwar Baturiya mai tabarau tana yin abin tiryan-tiryan. Ba ta jin abin da take cewa, amma hannun mai girki ba ya bukatar tafinta. Ta aika aka sayo mata kayan a kasuwa. Murhu mai ƙofa ne babu, sai ta yi dabarar masu gasa kek: ta zuba yashi a babbar tukunya, ta ɗora kwanon a kai, ta rufe, ta jera garwashi bisa murfin.

Abu ya fito fari tas, lugub, da ɗan ɓawo mai launin zuma a samansa. Ita kanta da ta ɗanɗana sai da ta lumshe ido. Ta kai masa tana murmushi tun daga ƙofar kicin.

Ya ɗebi kaɗan, ya juya shi a baki, ya daɗe. Sannan ya ajiye cokalin.

"Ba shi ba ne."

"Me ya rage, Baba?"

"Wancan yana da tauna. Ja-ja ne. Kuma bayan zaƙin akwai wani ɗan ɗaci mai daɗi da yake biyo baya."

Ta koma. Ta bar madarar gwangwani ta nemo ta saniya da ɗuminta. Ba shi ba ne. Ta canza shinkafa ta sa 'yar gida. Ba shi ba ne. Ta soya sukarin har ya yi ja kafin ta zuba. Ya ce launin ya matso, amma ɗanɗanon yana can inda yake. Yaran maƙwabta dai kakarsu ta yanke saƙa, kullum suna gindin zaure da kwanoninsu.

Tahira ta fara zargin ko tsufa ne ya dafa wa mahaifinta abincin da ba a taɓa yi a duniya ba. Sai dai ba ta da sararin jin haushi, tsoro ya riga ya cika wurin. Zoben azurfar da ya shekara da shekaru a yatsansa ya fara zamewa da kansa in yana alwala. Ta tsince shi a bakin rariya, ta shige ɗaki ta yi kukanta ba mai ji.

Ana haka Goggo Larai ta zo dubiya daga Tofa, a bayan babur, da ƙunshin daddawa a hannu. Ita taubashiyar Malam Badaru ce, 'yar ƙanwar mahaifinsa, a gidansu aka riƙe ta, kuma ta girme shi. Tsufa ya tanƙwara mata baya, amma bai taɓa mata harshe ba.

"Au, ashe ba ka mutu ba?" ta ce tun daga bakin zaure. "Na wanke zanen zaman makoki a banza."

"Ina zan mutu in bar ki ki cinye min gero?" ya amsa da 'yar muryarsa.

Da suka gaisa, ta leƙa kwanon da ke gefensa, ta tambaya mene ne wannan. Tahira ta ba ta labari tun daga farko. Goggo ta sa yatsa ta lasa, sai ta kwashe da dariya har tana dafa ƙirji. Ta ja Tahira zuwa kicin.

"Ke 'yar nan, girkinki ba shi da laifi. Shi ne sak. Amma wannan ai na tebur ne."

"Na tebur?"

"Na Bature da matarsa. Wa ya gaya miki ɗan kuku yana cin na tebur? Ubanki ko ƙofar falon bai taɓa takawa ba. Ƙanzo ya ci. Abin da ya kama a gindin kwano da gefe-gefe, shi ake ba shi ya kankare. Shi a ransa wannan ne fudin."

Tahira ta tsaya baki buɗe. Wato duk kwanakin nan da take tsare wuta kamar mai tsaron jariri, tana janye garwashi don kada ya kama, abin da ake nema take korewa.

Suka ɗora sabo. Da ya dahu, hannun Tahira ya kai ga murfi, Goggo ta riƙe mata wuyan hannu, ta tura itace da ƙafa. Ƙauri ya fara tashi. Tahira ta ji kamar fatarta ake ƙonawa, don tun da ta yi wayo tukunyarta ba ta taɓa kamu ba, abin da take tinƙaho da shi ke nan a gidan biki. Ba a jima ba kuwa muryar maƙwabciya ta tsallako katanga.

"Tahira! Abincinki yana kamu!"

"Mun sani!" Goggo ta mayar mata. "Sabon yayi ne!"

Sai da ta shaƙi ƙaurin ta gamsu sannan ta ce a sauke. Suka kwashe farin a wata tasa. Abin da ya rage a kwanon ja ne mai duhu, ya manne, gefensa har da baƙi-baƙi. Tahira ta ɗauko faranti za ta kankaro, Goggo ta ce a'a, kwanon za a kai masa yadda yake, da cokali.

Kunya ta kusa hana ta ajiye shi a gaban mahaifinta. Ya dubi kwanon, ya dube ta. Ya jawo shi kan cinyarsa, ya karkata shi da hannun hagu, ya sa cokali daga gefe ya kankaro. Ba wanda ya nuna masa ta inda zai fara. Ya kai baki, ya tauna a hankali da sauran haƙoransa. Ya sake kankarowa.

Tahira ta zauna a bakin tabarma, ko numfashin kirki ba ta yi, kada ta katse shi. Ba abin da ake ji a gidan sai ƙarar cokali da kukan kurciya a kan darbejiya.

"Shi ne," ya ce. Ya yi 'yar dariya. "Allah sarki, Baba. Duk gwanintarsa, wannan abu ɗaya ya gagare shi. Ba Lahadin da bai kama masa ba. Ina jiyo matar tana ta faɗa."

Goggo Larai ta ajiye goron da take gogawa.

"Kai dai har ka tsufa ba ka yi wayo ba. Mutumin da yake gasa burodi ya fito kamar auduga, shi ne madara za ta gagara? Ni nake wanke-wanke a bayan kicin ɗin nan, ina ganin komai. Matar nan sukari ma a kulle take ajiye shi, in an ci an rage ta mayar kabad ta sa makulli. Ƙanzo ne kaɗai ba ta tambaya. In fudin ya dahu sai Kawu Ja'afaru ya leƙa, ya ƙara itace, ya juya baya kamar ya manta. Ta zo ta yi ta zazzaga masa masifa a gaban boyi da mai shara, shi da furfurarsa, ya sa hannu a baya yana cewa sori Madam. Tana fita sai ya miƙo min kwanon ya ce, kai wa yaron nan ya kankare."

Cokalin ya tsaya a hannun Malam Badaru.

"Baba?" ya ce. "Shi da ko sunana bai taɓa kira ba? Ko kaina bai taɓa dafawa ba."

"Kai ne ɗan fari, ta ina zai dafa ka mutane suna gani? Abin da ya iya ke nan. Ni da nake ɗauko kwanon ko lasa ba a ce in yi ba, shi ya sa har yau nake jin haushinka."

Tsohon bai rama ba, abin da bai taɓa faruwa ba tsakaninsa da ita. Ya zuba wa kwanon ido. Hawaye ya gangaro ya shige gemunsa, bai share ba, su ma ba wadda ta ce masa ya yi haƙuri.

"Ni na ɗauka aiki yake sa ni," ya ce a hankali. "Na ɗauka don a rage miki wanki ne."

"To aikin ne," in ji Goggo. "Ƙarasa shi, ka bar rabi."

Ya sunkuyar da kai, ya juya kwanon ta ɗaya gefen, ya ci gaba da kankara. Tahira ta tashi ta shiga kicin, idonta yana zuba, ta ɗebo shinkafa ta fara wankewa.