Takalmin Hagu na Tasya

A makarantar rawa ta birnin, inda ake koyon rawa a kan yatsun ƙafa, ba sai an faɗa maka wace ce gwana ba. Duba inda yarinya ta tsaya kawai. Wadda ta fi kowa ita ke riƙe tsakiyar sandar da suke dafawa wajen atisaye, saura su bi gefe. Shekara biyu ke nan Tasya na riƙe da tsakiyar, tun tana 'yar sha uku.

Saura mako uku jarrabawa ƙafarta ta hagu ta soma ciwo. Ba ta gaya wa kowa ba. Da safe sai ta ɗaure ta tamau, ta hau kan yatsu, ta yi murmushi yadda aka koya musu. Ta san duk wadda ta tafi jinya, kafin ta dawo an cike gurbinta.

"Tasya, yau kina dira kamar buhun dankali," in ji Ulyana, mai tsayawa a damanta.

"Ke dai ji da wuyanki na agwagwa."

Suka yi dariya, amma Tasya ta ga inda idon Ulyana ya sauka.

Kowace yarinya da hannunta take ɗinke bakin takalminta da zare mai kauri, don kada ya zame. Ran Laraba malamarsu, Zinaida Arkadyevna, ta ce kowa ta jera takalmanta a kan benci. Tsohuwa ce, ba ta ɗaga murya. Da ta zo kan na Tasya ta daɗe tana juya su. Zaren na dama ya cinye har ya yi baƙi. Na hagu kuwa kamar jiya aka ɗinka.

"Tun yaushe, 'yata?"

"Ba komai, Zinaida Arkadyevna."

"Fuskarki ta iya ɓoyo, ni na koya mata. Takalmi ban koya masa ba." Ta ɗan ɗage siket, ta nuna idon sawunta da ya karkace. "Ni ma na riƙe tsakiya. Mako shida na yi rawa a kan wannan. Ban sake hawa dandali ba."

Tasya ta dubi sandar. Wurin da take dafawa har ya yi sheƙi.

Washegari ta je wurin likita, ya ce hutun wata biyu, jarrabawa sai kaka.

Ran da ta dawo, Ulyana ce a tsakiya. Ulyana ta kasa haɗa ido da ita. Tasya ta wuce can ƙarshe, kusa da taga, inda sandar ke da sanyi. Ta dafa, ta saki nauyinta a kan ƙafa biyu.