Makullin da Likita Ta Yar

Sati uku ke nan da autata ta daina tafiya. Yarinyar da sai an bi ta da gudu kafin a saka mata riga, ta koma rarrafe. Surukata ta murza ƙafafun da man zafi, mai ɗori ya latsa ya ce babu karaya. Ni kuwa kullum tana bayana, na ɗaure ta tam da majanyi, tana kuka ina jijjiga ta, ina cewa shagwaɓa ce.

A asibiti likitar ko kallon ƙafar ba ta yi ba. Makullinta ta yar a ƙasa, ta ce, "'Yan mata, miƙo mini."

Auta ta dafa gwiwa, ta tsuguna a hankali, bayanta a sandare.

"Kin ga ba ta sunkuya ba?" in ji likitar. "Ina zargin ƙwayar cuta ce ta shiga tsakanin ƙasusuwan bayanta. Za mu ɗebi jini, mu ɗauki hoto. In ta tabbata, sai allura da magani na makonni."

Na ce, "Likita, ƙafa ce fa ta ƙi tafiya."

"Ƙafar lafiyarta lau. Bayan ne ke ciwo, bakin faɗa ne ba ta da shi."

Aka ce mu wuce ɗakin hoto. Na duƙa zan goya ta yadda na saba, sai na tsaya da majanyin a hannu. Ban san ta ina zan ɗauki 'yata ba.