Sabon Zane a Tsohuwar Taya

“Kawo hannunki,” in ji maigidana.

Yana tsugune a gindin motar a ƙofar gida, ni kuma na fito zubar da ruwan wanke-wanke. Ya kama hannun ya cusa shi ta bayan tayar gaba, ɓangaren da ido ba ya kaiwa. Wani abu ya soke ni. Na fizge, sai ga jini a ɗan yatsa.

“Waya ce,” ya ce. “Ta waje kamar lafiyayya, ta ciki kuwa ta cinye har waya ta fito. A kan wannan nake ɗaukar ’ya’yan mutane kullum.”

Motar ta yayansa ce, shi tuƙi kawai yake, daga tasha zuwa garuruwan gaba. Ta girmi ɗanmu na fari, wanda nake tsokana da Sarkin Barci tun da ya gama makaranta ya rasa aiki. Da ita muke ci, da ita muke zaune a gidan haya. Tun daga ranar da wayar nan ta soke ni, in maigidana ya fita, hankalina ba ya kwanciya sai na ji dirinta a kan layi.

*

Ina cikin motar ranar da aka kai ta gareji, don daga can zai sauke ni dubiya. Yaya ya riga mu zuwa, yana tsaye nesa da baƙin mai, ya tattare riga.

Bakanike ya danna gaban motar da hannu biyu ya saki. Ta yi ta rawa, ta ƙi tsayawa.

“Ranka ya daɗe, shokazoba sun mutu, ƙafar gaba ta karkace, shi ya sa take cin taya gefe guda. Hanya biyu ce. Ko a sa sababbi, a saita ƙafa, a sayi taya. Ko kuma a ƙara mata sifirin a baya ta ɗaga, a lallaɓa sauran.”

“Wanne ne zai sa ta ƙara ɗaukar kaya?” in ji Yaya.

“Na biyun. Amma gaban fa…”

“To me muke jira?”

Maigidana ya sosa ƙeya. “Yaya, sitiyarin ja yake yi. In na taka birki sai ta nufi daji.”

“Kai dai tun kana yaro matsoraci ne. Motocin tasha duk ba haka suke ba? Wa ka ga ya mutu?”

Aka kira mai faci. Wallahi ban taɓa sanin ana yin haka ba sai ranar. Ya sa wata ’yar wuƙa a wuta, ya zauna ya rungume tayar, ya shiga sassaƙa mata sabon zane, layi bayan layi, robar na zubowa a ƙasa tana hayaƙi. Inda waya ta fito ya shafe da baƙin danƙo. Ya goge ta har tana sheƙi.

“Ko jami’an hanya ba za su gane ba,” ya ce, yana alfahari da aikinsa.

Na kasa haƙuri. “Yaya, ita hanyar fa, ba za ta gane ba?”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Maman yara, yaushe kika zama bakanike?”

Aka kwashe da dariya. Har maigidana ya yi ’yar tasa, ta dole, kuma ita ta fi ƙona mini rai.

A gida na tasa shi gaba. “Ka mayar masa da makullinsa, don Allah.”

“In mayar mu ci me? Kafin in juya baya wani ya karɓa.” Ya ture kwanon abincin. “Zan riƙa tafiya a hankali.”

Wane a hankali, ga mota an ɗaga mata baya? Lodin da ake yi mata ya ninka. Buhuna a but, buhuna a sama, fasinja a matse har da na gefen direba.

*

Da rana tsaka tayar ta fashe, a wata kwana, ba ruwan sama, ba gudu. Wata mata mai goyo ta rasu nan take, da wani dattijo. Maigidana ya tsira da rai, amma ƙugunsa ya karye, likita ya ce shi da tuƙi har abada.

’Yan jaje suka cika gida. Kowa da bakinsa: ƙaddara ce, sai haƙuri. Yaya ma haka ya ce, har da share hawaye. Ni ban musa ƙaddara ba. Amma ina wurin aka sa wuƙar a wuta, kuma na ji haushin kowa, har da kaina.

Watanni suka shuɗe. Na sayar da keken ɗinkina, na sayar da katifar ɗakin yara. Mai gidan haya ya daina amsa gaisuwata.

Sai ga Yaya wata ranar da yamma, fuska a sake. An buge jikin motar ya miƙe, an yi mata fenti, tana waje.

“Na ce me zai sa in ba bare, ga ɗan ƙanena zaune? Ai ya iya tuƙi.” Ya ajiye makulli a kan tabarma.

“An gyara gaban?” Muryar maigidana ce daga kan gado.

“An duba komai.”

“Yaya, an gyara?”

“Kai, ka ji da jinyarka mana.”

Na ce ba da ɗana ba. Na faɗa da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Yaron yana tsaye a bakin ƙofa. Ya dubi ƙannensa, ya dubi robar magungunan ubansa da ta kwana biyu ba komai a ciki, ya sunkuya ya ɗauki makullin.

“Umma, zan riƙa tafiya a hankali.”

*

Washegari ban tashe shi ba, da kansa ya tashi. Ya yi wanka, ya durƙusa ya gaida ubansa, ya fita.

“Buɗe mini taga,” in ji maigidana.

Na buɗe. Ya rufe ido, ya kasa kunne. Injin ya tashi lafiya lau. Motar ta ja baya, ta juya, ta gangara ɗan ramin da ke bakin layinmu. Sai muka ji gabanta ya bugi ƙasa, ƙwas, ƙarfe a kan ƙarfe.

Maigidana bai buɗe idon ba. Ya lallaɓa ya juya fuskarsa bango.

“Rufe tagar.”

Ban rufe ba. Ta nan kaɗai ake hango titi.