Taliyar Boksunga a Teburin Baba

Tun safe nake kai-kawo tsakanin kicin da falo kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Ranar ce Baba ya cika shekara da rasuwa, ranar jesa, da za mu jera masa abinci a tebur mu bar ƙofa a buɗe ya shigo ya ci. Zafin Daegu kuwa a watan Agusta ba ya raga wa kowa. Ga kuma Gwaggo Mal-sun, yayar Baba, ta kafa kujera a bakin kicin tana ba da umarni.

"Gyeong-ran, gabas kan kifin zai kalla! Ke a Seoul ɗin nan ban da rina gashi me kika koyo?"

Ni kuwa hankalina na kan Omma, mahaifiyata. Tun da aka binne Baba take ramewa. Cokali biyu, ta ture kwano. Likita ya yi dube-dubensa bai ga komai ba. Ni dai tsoro nake ji, tsoron kada baɗi mu jera shinkafa kwano biyu a teburin nan.

Da rana ta faɗi Gwaggo ta shiga ɗaki sauya kaya, na tsaya duba teburin. Sai na hango wani kwanon da ba ni na ajiye ba. Nengmyon ce, taliyar nan mai ƙanƙara da Baba yake mutuwar so. Wannan ba laifi, yanzu kowa yana sa wa mamaci abin da yake so. Amma romon ruwan hoda ne. Na sunkuya na shinshina. Ƙamshin ɗan itacen nan, boksunga!

Na ruga kicin na tona kwandon shara. Ga ledar nan, irin taliyar da ake sayarwa a shagon bakin layi, sabuwar fitowa, an zana ɗan itacen mai gashi-gashi yana murmushi. Ko yaro a ƙasar nan ya san boksunga ba ta hawa teburin mamaci. Ƙamshinta korar matattu yake yi, shi ya sa tsofaffi ko bishiyarta ba sa shukawa a tsakar gida.

Na sunkuci kwanon. In kai baranda? In cusa a firji? Ina cikin juyi a tsakar falo Gwaggo ta fito tana buɗa hanci.

"Me nake ji haka kamar an fasa kwalbar turare?"

"Mayar da shi inda kika ɗauko," in ji Omma daga bayana. "Ni na dafa."

Gwaggo ta leƙa kwanon ta dafe ƙirji. "Ke lafiyarki kuwa? Ƙanena ya taso tun daga can, ya tarar ana korarsa daga gidansa?"

"Ai bai tafi ba, Yaya, balle ya taso."

Omma ta zauna a ƙasa ta gyara rigarta da ta yi mata yawa a kafaɗa.

"Da na rufe ido sai in gan shi zaune a bakin gado da singiletin nan tasa. In na ɗauki cokali yana kallona. Kin san ban taɓa riga shi cin abinci ba, yanzu ma hannuna ƙi yake yi. Shekaranjiya a mafarki ya ce in tashi mu tafi, Yaya, har na fara neman takalmi." Ta share fuska da bayan hannu. "Ni ban shirya ba. Bakina kuma ba zai iya faɗa masa ba. Shi ne na ce bari in dafa masa abin da yake so, in ya ji ƙamshin zai gane."

Na jira Gwaggo ta fashe da faɗa. Sai kawai ta karɓe kwanon daga hannuna ta ajiye a tsakiyar tebur, gaban hoton Baba.

"Kai ma da naci, tun kana yaro," ta ce wa hoton. "Ka ci ka kama hanya."

Muka zuba giyar shinkafa, muka durƙusa muka kai goshi ƙasa. Da aka gama, lokacin da iyali ke cin abin da mamaci ya rage, Omma ta jawo kwanon gabanta. Ƙanƙarar ta narke, taliyar ta kumbura. Na kai tsinken cin abincina na ɗanɗana: kamar an jiƙa alewa a ruwan tsami aka yayyafa gishiri. Da ƙyar na haɗiye.

Omma ta kai loma ta yatsine fuska.

"Kai, wannan abu ba daɗi. Wane marar aikin yi ne ya ƙirƙiro shi?"

Ta sake kai wata. Ni da Gwaggo muka zuba mata ido har ta cinye taliyar tas, ta ɗaga kwanon da hannu biyu ta shanye romon. Ta ajiye, ta dubi ƙofar da muka bari a buɗe.

"Gyeong-ran, je ki rufe. In kin dawo ki zubo min shinkafa."