Motar Clarrie Mai Ido

Shekarar da muka sayar da tumakin muka dawo cikin garin Longreach, mijina Clarrie ya fara ganin duniya dishi-dishi, kamar ta bayan gilashin da aka hura wa numfashi. Likita ta ce tsakiyar idon ce ke mutuwa a hankali. Ta kuma gaya masa ba kwana-kwana cewa takardar tuƙin da ta sa masa hannu bana ita ce ta ƙarshe, kafin Kirsimeti zai ajiye sitiyari. Wannan fa mutum ne da ya fara jan akori-kurar babansa tun ƙafarsa ba ta kai birki ba.

Bai yi musu ba. Abu ɗaya ya ce yana so, ya tuƙa ni da hannunsa har bakin teku a Yeppoon. Tun muna sabon aure yake yi mini wannan alkawari, kullum in ba fari ya hana ba, askin tumaki ya hana. Ni kam na daɗe da cire rai, amma da ya faɗa a wannan karon sai na ji ina so fiye da yadda na taɓa so.

'Yarmu Shona da ke Brisbane ita ta ba shi labarin wata ƙaramar jif ta Turai, irin ta masu hannu da shuni, wadda ke da ido a goshi. Tana ganin layin titi, tana ganin abin da ke gaba, in direba ya yi sakaci ta taka birki da kanta. Clarrie da ke juya kwabo sau uku kafin ya sayi hula, ranar bai ko tambayi ragi ba. Na ce masa tsufa ya zo masa da gardama, ya ce ai ido ya saya, motar gyara aka yi masa.

A bayan tirela aka kawo ta, ruwan toka mai sheƙi, gajera, kamar an wanke ta da madara. Makon farko ba mu je ko'ina ba. Da la'asar sai mu shiga mu zauna a ƙarƙashin inuwa, sanyi na busawa, ƙamshin sabuwar fata ya cika mana hanci. Rufinta gilashi ne, nakan kwantar da kujera ina kallon garken aku masu jan ƙirji suna wucewa, shi kuma yana riƙe da sitiyari yana ba ni labarin hanyar: inda jar ƙasa za ta ƙare, inda za mu fara ganin gonakin abarba, inda iska za ta fara ɗanɗanon gishiri. Wani lokaci barci ya ɗauke ni, in farka in tarar har ya kai mu teku ya dawo, motar ba ta motsa ba.

Matsalar daga teburin tsofaffi ta fito, inda suke zama a gaban shagon burodi. Sun zagaye motar suna leƙe, sai Wal Petrie bakanike, abokin Clarrie tun na makaranta, ya dafa goshinta ya ce, "Kai mutumina, haka za ka fita da ita tsirara? Kangaru ɗaya ya yi mata atishawa, sai dai mu kwaso ku a buhu."

A nan garin mota ba ƙarfen kare karon kangaru a gaba, daidai take da gida ba ƙofa. Ko motar limamin coci tana da shi. Na tuna wa Clarrie cewa mai sayarwa ya ja kunnensa kada a taɓa goshin, Clarrie ya ce ai yaron birni ne, bai taɓa ganin abin da kangaru ke yi wa mota da magariba ba. Wal ya tantance wani ƙarfe a bayan garejinsa, ya yanka, ya ƙera, ya huda, ya ɗaure. Gaskiya ya yi kyau. Tsofaffin har da tafi.

Da safe muka fita gwaji. Ba mu wuce gidan mai ba motar ta fara kuka, ta cije birki a tsakiyar titin da babu ko kaza. Muka tashi, ta sake cijewa. Ita a ganinta bango ne a gabanta, kuma duk inda ta je bangon na biye da ita. Wal ya kwance ƙarfen yana gumi, amma kukan bai tsaya ba, domin ashe wajen huda ya tsokane idon da kansa. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Dillalin da ya sayar mana ya ce alkawarin gyara kyauta ya faɗi tun da hannun wani ya shiga. Ya ce idon daga Turai za a aiko shi, kuma ba a saita shi sai a garejinsu na Brisbane. Abin da aka caje mu, da na ɗaukar tirela zuwa da dawowa, da can baya raguna ne garke guda. Ban ji zafin kuɗin ba kamar yadda na ji zafin kwanakin. Kullum aka kira sai a ce kayan na kan ruwa. Wal ya kawo tsohuwar motarsa ya ce mu tafi da ita, kunya ta hana shi ɗaga kai. Clarrie ya gode masa, ya ce ba zai ɗauki matarsa a motar da ba ta gani ba alhali shi ma ba ya gani. Ya ci gaba da fita da la'asar yana zama a kujerar roba, a daidai inuwar da motar ta bari.

Sai bayan sabuwar shekara ta dawo, lafiya lau, ko tari ba ta yi. Takardarsa kuwa ta riga ta ƙare.

Ni na tuƙa. Kwana biyu muka yi, muna tsayawa tun rana na sama saboda kangaru. Bai yi magana sosai ba, sai dai in na ce ga gonakin abarba nan, ya ce ya ji ƙamshinsu tun ɗazu. Raina ya yi ta ɓaci a hanya, da shi, da Wal, da garin gaba ɗaya.

Arewa da Yeppoon akwai gaɓar da ake barin motoci su hau yashi idan ruwa ya janye. Da hantsi muka isa. Yashin ya daskare, ya miƙe fari fat har inda ido ya gaji, babu kowa sai wani mai kamun kifi can nesa. Na tsaya, na fito, na zagaya na buɗe ƙofarsa.

"Sauko, tsoho. Ba ni na yi alkawarin ba."

"Noeline, ba ni da takarda."

"To, in tekun ya tambaye ka sai ka ba shi haƙuri."

Ya daɗe yana gyara kujera. Sannan ya ja mu a hankali, tekun na damanmu, ina ce masa ɗan yi hagu, miƙe, haka. Tayoyin ba su da ƙara a kan jiƙaƙƙen yashi, sai na ji kamar ba tafiya muke ba, gaɓar ce ke zuwa ta wuce mu. Na tambaye shi me yake gani, ya ce haske, haske mai yawa yana motsi. Kuka na yi, ban ɓoye ba.

Bai yi nisa ba ya tsaya da kansa, ya kashe injin. Ya laluba ya ɗauko makullin, ya kamo hannuna ya sa a ciki, ya dunƙule mini yatsu a kai.

"Na kawo ki," in ji shi. "Ke ki mai da mu gida."